An Binne Sadiyya da Sunan Mastura

Ranar da aka binne Mastura, tana tsaye a kicin tana yanka albasa. Hawayen da ke zubo mata rabi na albasar ne, rabi na Sadiyya, yayar mijinta, domin Sadiyya ce a cikin likkafanin.

Abin bai ɗauki awa biyu ba. Sadiyya ta zo umara daga Kasala ta Sudan shekara shida ke nan, ta ƙi komawa, ta laɓe gidan ƙanenta Usuman a unguwar Mahjar ta Jidda tana ɗinkin jallabiya a ɗakin baya, ba ta da ko guntuwar takarda. Ranar Asabar bayan la'asar ta kife a kan keken ɗinki, numfashi sama-sama. Wanda ba shi da iƙama kuwa, wato katin izinin zama a ƙasar, kai shi asibiti tonon asiri ne, nasa da na wanda ya ɓoye shi. Usuman ya zuge jakar matarsa ya zaro nata katin.

"Sa'o'in juna ne ku, tsawonku ɗaya, ga niƙabi. Allura za a yi mata mu dawo."

Mastura na durƙushe tana yi wa Sadiyya fifita da yankin kwali. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yalla, Abu Lina, ku yi sauri!" Haka take kiran mijin, wato baban 'yarsu Lina.

Aka yi saurin, amma ba a kai ga allurar ba. Sadiyya ta cika a kan gadon da ake tura ta da shi. Likita ya dubi katin da ke hannun Usuman ya rubuta abin da ya gani: Mastura Haruna Idris, shekara arba'in da huɗu, ciwon zuciya. Usuman ya buɗe baki zai yi magana, ƙanensa Nasir ya taka masa ƙafa. Shi Nasir sana'arsa ke nan, bin layin ofisoshi yana fitar wa mutane takardu, kuma ya nuna ƙwarewa: kafin azahar ɗin Lahadi izinin binnewa na hannunsa.

Da suka dawo daga maƙabarta, Nasir ne ya fara leƙo kicin. Ya tsaya bakin ƙofa ya naɗe hannu a ƙirji kamar mai ziyarar kabari.

"Aminci ya tabbata a gare ku, mazauna kaburbura. Marigayiya, da sauran shayi?"

Ta wurgo masa ludayi, ya goce.

"Allah ya shirye ka, Nasir. Yayarka fa kuka rufe yanzun nan."

"Wallahi na sani, matata. Amma ki yi mini adalci. Da hannuna na zuba miki ƙasa, na dawo na tarar kin riga ni gida, har kin ɗora tukunya!"

Dariya ta ƙwace wa Usuman, irin dariyar nan ta wanda ya tsallake rami bai san ya tsallake ba. Ya jingina da firji yana share ido. Nasir abokin wasanta ne tun ranar da aka kawo ta gidan, ba ta taɓa iya riƙe fuska a gabansa ba. Ita ma sai ga ta dafe da bakin famfo tana ƙyalƙyalawa, tana faɗin astagfirullah tana ƙara fashewa. Daga falo Hajiya, uwar su Usuman, ta ɗaga murya cikin kuka ta ce wane marar imani ne ke dariya, suka toshe baki kamar yara a makarantar allo.

Da ta samu numfashi ta ce, "To katina fa?"

"Halas, shi ke nan, kada ki damu," in ji Usuman. "Abin da asibiti suka ba mu sanarwa ce kawai. Takardar mutuwa ta ainihi sai Alhamis, a ofishin lafiya na Bagdadiyya. Kafin nan Nasir ya gyara komai."

"Ni ne fa," Nasir ya buga ƙirji. "Na tashi matattun takardu da suka fi ki ruɓewa."

Ta yarda. Kwana huɗu ne kawai.

Abin da ba su lissafa ba shi ne Muntaka, direban motar ɗaukar gawa. Mutumin kirki ne, ga son lada. Ya karanta sunan da ke jikin izinin binnewa, kafin magariba ya tura a zauren WhatsApp na 'yan uwa mazauna Jidda: Allah ya yi wa Mastura, matar Usuman mai tsiren agashe na kasuwar Balad, rasuwa, za a zauna makoki a Mahjar. Har da hotonta na bikin Lina, tana murmushi da lalle har gwiwar hannu.

Wayarta ta fara ruri a kan tebur. Ta miƙa hannu, Usuman ya riga ta.

"Ke! Matacce na ɗaga waya?"

"In gaya musu kuskure ne mana."

"Kuskure? Sai su ce to wa aka binne? Ki ce musu wa? Cikin mutum ɗari uku da ke zauren nan kin san wanda zai kai magana?" Ya kashe wayar ya jefa aljihu. "Lina na kira ta a Dammam na rantsar da ita. Saura ke. Ki shiga ɗakin Sadiyya ki ja ƙofa. Duk wanda ya tambayi Sadiyya, an kai ta Makka wurin dangi, ta ruɗe."

Haka Mastura ta yi zaman makokinta a bayan ƙofa, tsakanin keken ɗinki da buhun yadi.

Litinin ta fi kowace rana daɗi, in har za a kira abin daɗi. Tun da sassafe, kafin baƙi su fara zuwa, aka fito da ita ta tuƙa tuwon asida ta haɗa miyar kuɓewa busasshiya ta sadakar kanta, saboda Hajiya ba ta iya tsayuwa, kuma ba wanda za a amince wa ya shiga kicin ɗin. Ana ƙwanƙwasa ƙofar farko aka mayar da ita ɗaki da kwanon nata. Ta zauna ta kara kunne a jikin katako.

Ashe haka take da daraja? Matar da suka yi wata uku ba sa gaisawa saboda igiyar shanya ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Hikima, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, ta kai loma ɗaya ta ajiye cokali ta rushe da kuka.

"Wannan miyar! Wallahi kamar hannun marigayiya. Wa ya dafa?"

Nasir daga tsakar gida ya ce, "Odar mat'am ce, daga gidan abinci aka sayo." Mastura ta cusa bakin gyale a baki, kafaɗunta na rawa.

Hajiya kuwa kuka take na gaske, kukan 'yarta ta fari, har tana shiɗewa. Mata suka riƙa kallon juna suna jinjina kai. "Kun ga suruka ko? Wasu sai dai su yi ta maza. Allah ya ba mu irinta." Duk wadda ta durƙusa ta ce Allah ya jiƙan Mastura, Hajiya sai ta amsa da amin a fili, ta motsa leɓe da wani suna a ɓoye.

Da la'asar Nasir ya turo mata dabino ta ƙarƙashin ƙofa, yana raɗa, "Ya tambayoyin? Kin ci jarrabawa?"

"Na ce musu kai ka kashe ni, suna nan tafe."

Ya tafi yana tari don ɓoye dariya.

Amma Litinin ɗin nan ce ranar da za ta je karɓo allurar sukarinta a asibitin unguwa. Shekara bakwai ba ta taɓa tsallake ranar ba. Abin da ya rage a firji ta ja shi har safiyar Talata, ya ƙare. Da baƙi suka ragu ta kira Usuman.

"Ki je da wane kati? Su danna na'ura su ga matar da ta mutu shekaranjiya ta zo karɓar magani?"

"To ka saya mini a kantin magani."

"Rabin 'yan kantin unguwar nan sun zo mini gaisuwa. In ce wa zan saya wa? Ki bari gobe, in na shiga Balad."

Ya shiga Balad, ya dawo da buhun gawayi, ya ce sha'anin mutane ya mantar da shi. Hajiya ta jiƙa hulba da kirfa ta aiko da kofi. "Mu da muka taso ba allura ba mu mutu ba."

Ƙishirwa ta fara. Ta shanye jarka guda ba ta ji ta sha komai ba. Banɗaki kuwa yana can ƙarshen falo, sai ta jira mata sun watse. Da abin ya gagara, Hajiya ta turo mata bokiti. Harshenta ya koma kamar soso. In ta kalli allurar keken ɗinki sai ta ga biyu. Kanta ya yi sakayau, komai ya riƙa ba ta dariya ba dalili, har kanta take ji kamar ba a wuyanta yake ba. Wayar Sadiyya kuma tana nan cikin akwatin zare, ba a kashe ta ba, lokaci-lokaci ta yi haske: 'ya'yanta biyu ne daga Kasala, suna tambayar me ya sa Umma ba ta amsa saƙo. Mastura ba ta san lambar buɗe ta ba. Sai dai ta kife ta.

Laraba da hantsi, falo cike da mata, ta ji Usuman ya shigo yana cewa ga saƙo daga Bur Sudan, surukarsa ce ta aiko, a saurara. Bai yi tunanin komai ba. Ya ga abin da zai ƙara wa makokin armashi ne. Ya danna.

Muryar Inna ta cika gidan, tana rawa, iskar teku na kaɗawa a bayanta.

"Usuman, ɗana. An gaya mini. Allah ya karɓi abinsa. Ni na so a ce ita za ta rufe ni, Allah bai nufa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Mastura tana da baki tun tana yarinya. In ta taɓa ɓata maka, ka yafe mata don Allah, kada ta kwanta da haƙƙin miji. Ka ji, ɗana? Ka yafe mata."

Mata suka ɗauki salati. Usuman ya ce, murya ƙasa-ƙasa yadda ya dace da mai takaici, "Na yafe mata duniya da lahira."

A bayan ƙofa Mastura ta miƙe, ɗakin ya juya, ta koma ta zauna kan buhun yadi. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Bayan la'asar aka shafa fatiha, aka naɗe tabarmi. Suka shigo mata su uku, Hajiya a kan kujerar keke, Usuman da Nasir a tsaye. Nasir na murmushi, amma ba ya kallon idonta.

"Ba ni wayata in kira Inna."

"Inna bakinta ba ya riƙe magana," in ji Usuman. "Kafin isha Bur Sudan ta ji, kafin asuba Jidda ta ji. Bari takarda ta fito tukuna."

"Wace takarda? Ba gyarawa kuka ce za a yi ba?"

Nasir ya sosa ƙeya. "Matata, na bi ta sama na bi ta ƙasa. Gyara ɗaya ne: Yaya ya je ya ce na ɓoye mace shekara shida, na kai ta asibiti da katin wata, na binne ta da sunan ƙarya. Ka ga ɗauri, ka ga kora. Ni da na fitar da izinin, tare za mu tafi. Kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya ji, shago ya tafi. Hajiya a ƙarƙashin takardar Yaya take, ke ma haka. Duk sai jirgin ruwa. Mu koma ina? Kin san yaƙin da ake ciki a gida."

"To sai yaya?"

"Gobe mu karɓo takardar, a rufe fayil, halas. Wata mai zuwa mu tashi daga Mahjar mu koma unguwar da ba a san mu ba. Ki zauna abinki, sarauniya! Ba sabunta kati, ba bin layi, ba hoto. Wallahi ni ma da zan samu wanda zai kashe ni haka, da na gode."

"In an tambaya ke ce Sadiyya," Usuman ya ƙarasa. "Mene ne a ciki? Sadiyya ta yi shekara shida ba takarda. Me ya ci ta?"

Mastura ta dube shi har sai da ya gyara tsayuwa.

"Me ya ci ta, Abu Lina? Tana ina yanzu?"

Hajiya ta buga carbi a cinya. "Ni 'yata ce a ƙasa, da sunan wata a kanta, ban yi ƙorafi ba. Ke kati kawai kika rasa. Ga ki, ga mijinki, ga abincinki. Gidan nan ya rufa miki asiri shekara ashirin da biyu, rana ɗaya ke ba za ki rufa masa ba?"

"Ranar da na faɗi kamar yadda ta faɗi, katin wa za ku ara?"

"Allah ya kiyaye! Ji bakinta," in ji Hajiya. "Gaskiyar uwarki."

Nasir ya yi saurin sako wata maganar, don shi ba ya iya zama inda aka ɗaure fuska. Akwai ƙaramar matsala, in ji shi. Ya leƙa ofishin da safe don ya share hanya, ma'aikacin ya ce sai mijin ya zo da kansa, kuma za a yi masa tambayoyi a gwada da abin da ke cikin na'ura: cikakken sunan uwar mamaciya, garin haihuwa, ranar haihuwa, irin waɗannan.

"Yaya, meye sunan Inna?"

Usuman ya yi turus. "Inna mana."

"Sunanta na yanka."

"Kai, ni zan kama sunan surukata? Shekara ashirin da biyu ko a zuciya ban taɓa faɗa ba. Indo ake ce mata, ko?"

"Na'ura ba ta san Indo ba." Nasir ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Ranar haihuwar matarka fa?"

"Da damina ne."

"La ilaha illallahu! Shi ke nan, sai mu tafi da marigayiya. Ta sa niƙabi ta zauna kan benci, duk abin da aka tambaya ka zo ta raɗa maka. Wallahi tarihi za mu kafa: mace ta raka mijinta karɓo takardar mutuwarta!"

Usuman ya yi murmushi, har Hajiya ta yi tsaki mai kama da dariya. Mastura ta ce, "To."

Alhamis ƙarfe takwas suna cikin motar Nasir. Kwana huɗu rabonta da ganin rana, hasken ya soke mata ido. Titi na lilo, gine-ginen Bagdadiyya na tafiya gefe-gefe kamar a kan ruwa. Nasir ya kunna rediyo yana bin waƙa yana kaɗa sitiyari. Usuman ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, yana ta gwada fuskar tausayi a madubi. Ita tana baya da gorar ruwa ta biyu, tana lissafin abin da Nasir ya faɗa jiya. Ba ƙarya ya yi ba. Ɗauri gaskiya ne, jirgin ruwa gaskiya ne, Hajiya da ƙafafunta marasa tafiya gaskiya ne. Ta so a ce ƙarya ya yi.

Ofishin sanyi ƙalau, kujeru jere, lamba na haskawa a bango. Aka kira tasu. Usuman ya je taga ta uku, inda wani dattijo mai furfura a gemu ke zaune, an rubuta Abdulghani a ƙirjinsa. Ya karɓi takardun ya yi wa Usuman ta'aziyya da Larabci, a hankali, kamar ba shi ne karo na ashirin da ya faɗa a safiyar ba.

"Sunan mahaifiyar marigayiya?"

"Daƙiƙa ɗaya, ustaz." Usuman ya sheƙo benci. Ta raɗa masa, "A'isha Musa Abdulkarim." Ya koma yana maimaitawa a baki, ya faɗa kamar mai hadiye garwashi.

"Garin haihuwa?"

Ya sake dawowa. "Sinnar." Ya koma.

"Ranar haihuwa?"

A zuwa na uku takalminsa ya zame a kan tayil, ya dafe wani Bafilipine da ke layi. Nasir ya juya baya yana cizon hannun riga. Mutanen benci suka fara murmushi. Abdulghani ya cire tabarau ya leƙo ta taga.

"Ya ɗan uwa, wace ce wannan da ta san matarka fiye da kai?"

"Yayata ce, ustaz. Tare suke wuni."

"To ta matso mana, ka huta da gudu."

Nasir ya daina dariya. Ya ɗaga mata gira, ya girgiza kai kaɗan. Mastura ta miƙe. Ƙasa ta yi mata nisa, ta taka a hankali tana dafa bayan kujeru har ta isa taga.

Ta amsa ranar haihuwa. Ta amsa lambar fasfo da ka, ba ta duba ba. Abdulghani ya ce masha Allah, da kowane dangi haka suke da aikinsa ya yi sauƙi. Ya danna, na'urar bugawa ta yi ƙara, takarda ta fito da ɗuminta, fara mai koren baki. Ya shimfiɗa ta a gabansa. Daga inda take tsaye tana iya karantawa a juye: sunanta, sunan ubanta, sunan Inna da ta bayar da bakinta yanzun nan, da ranar Asabar.

"Saura hatimi. Ba ni iƙamar marigayiya, a nan za ta zauna."

Usuman ya zaro katin ya ɗora kan kanta, ya tura da yatsa biyu. Bai kai rabi ba tafin hannunta ya sauka a kai.

"Sadiyya," in ji Usuman da Hausa, ta cikin haƙora. "Sadiyya, cire hannunki."

"Ustaz," ta ce da Larabci, "ka dubi hoton nan."

Ta ɗaga niƙabin da ɗaya hannun.

Abdulghani ya dubi kati. Ya dube ta. Ya mayar da tabarau ya sake dubawa. Hatimin na hannunsa a sama, bai sauke ba.

"Ustaz, ruɗewa ce," Usuman ya shiga zuba. "Ciwon sukari gare ta, tun rasuwar ba ta cikin hankalinta, kama suke yi, kowa na faɗa..."

"Ciwon sukari gare ni, gaskiya ya faɗa," in ji Mastura. "Kwana biyu ban yi allura ba, saboda an ce na mutu. Ga yatsana. Kuna da na'ura."

Wata mata a benci ta ce la haula. Mastura ta waiga don ta ga fuskar Nasir, ta tarar ba ya nan. Ƙofar gilashi ce kawai ke komawa a hankali. Daga baya aka ce mota ya je gyara wa tsayuwa.

Abdulghani ya ajiye hatimin can gefe, ya turo wata ƙaramar na'ura mai gilashi. Ta ɗora babban yatsa. Fitila ta yi kore. Ya juyo da allon kaɗan, ga fuskarta, ta shekara uku da suka wuce, ta fi yanzu ƙiba.

Sai dariyar ta dawo mata, ba ta gayyace ta ba. Ta dafe kanta tana yi, hawaye na bin kumatunta. Wata ma'aikaciya ta fito da gudu ta riƙe ta, ta zaunar da ita, ta aika a kira ma'aikaciyar jinya. Abdulghani ya ɗaga waya ya yi magana gajeruwa. Jami'ai biyu suka tsaya bayan Usuman, ba su taɓa shi ba.

Usuman ya sunkuyo gare ta. Farar jallabiyar ta jiƙe a hammata.

"Kin kashe mu, Ummu Lina. Kin san abin da kika yi? Hajiya fa? Shagon fa?"

"Na sani."

"Kwana nawa ne? Da kin yi haƙuri..."

"Kwana nawa ne, Abu Lina? Faɗa mini. Har yaushe?"

Babu adadin da zai faɗa. Kwana biyar gidan nan ana kiran abin wasa, ana kiran sa rufin asiri, ana kiran sa kati kawai. Kowa ya auna abin da zai rasa ya ga ya yi yawa. Aka duba aka ga mutum ɗaya ce in ta rasa komai ba za a ji ƙara ba, ita ce mai tuƙa asida. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya zage ta. Da dariya aka yi, da dabino ta ƙarƙashin ƙofa.

Abdulghani ya ɗauki takardar mai koren baki ya ja mata layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya jawo sabuwa, ya cire murfin biro. Muryarsa ba ta tashi ba.

"To, ya ɗan uwa. Akwai mace a kabari tun Lahadi. Wace ce?"

Usuman ya kafa wa tayil ido.

Mastura ta ture hannun mai gwada mata jini, ta gyara zama.

"Sadiyya Zaharaddeen Adamu. 'Yar Kasala. Tela ce. Tana da 'ya'ya biyu, har yanzu ba su sani ba."

"A hankali, 'yar uwa," in ji Abdulghani. "Sake faɗa."

Ta sake faɗa, a hankali, shi kuma yana rubutawa.